Ko mayya ce, in dai fara ce: me ke tura mata bilicin?

A watan Fabrairun 2023, a wajen wani taron wayar da kan 'yan jarida da aka yi a Kano, shugabar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce shafa man bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Hujjarta ita ce alƙaluman nan da kowa ke jawowa in maganar ta taso: kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa mayukan ƙara hasken fata, Togo na da 59, Afirka ta Kudu 35, Senegal 27. Daga wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 aka samo su. Sai dai wanda ya bi diddigin 77 ɗin zai tarar tushensa wani bincike ne da aka wallafa a 2002 a kan 'yan kasuwa 'yan ɗaruruwa a Legas, maza da mata. Ba ƙidayar ƙasa ba ce, bai kuma kamata a riƙa faɗarsa kamar an bi gida-gida daga Sakkwato har Kalaba ba.

Gyara adadin ba zai sa matsalar ta ragu ba. Duk mai shiga gidan biki a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san alamomin: fuska fara sol, gaɓoɓin yatsu baƙi, kumatu ja kamar an gasa, koren jijiya kwance a dantse. Masu shafawar ma sun san su, sun fi kowa sani, don suna da maƙwabciya ko 'yar uwa da fuskarta ta ƙone. To me zai sa mace mai hankali, wadda ta ga abin da ya samu wata, ta ƙirga kuɗinta ta je ta sayo irin wannan kwalbar?

Amsoshin da aka saba ji uku ne: jahilci, rashin godiyar Allah, kwaikwayon Turawa. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Akwai masu digiri a cikinsu, akwai ma'aikatan jinya, akwai waɗanda ba sa wasa da salla da azumin nafila. Abin da na fahimta shi ne bilicin lissafi ne. Mace ta duba yadda ake raba yabo da aure da kulawa a inda take zaune, ta ga inda riba take, ta bi. Lissafin yana ƙarewa da asara, amma alƙaluman da ta ɗora shi a kai ba ita ta ƙirƙiro su ba.

Tun ranar da aka haife ta ake fara karanta mata su. 'Yan barka na karɓar jaririya, wata tsohuwa za ta leƙa saman kunnenta da gindin farcenta, ta ce, "Kada wannan jan ya ruɗe ku, baƙa za ta yi, ubanta ta biyo." A yi dariya a wuce. In ta taso tare da ƙanwa ko 'yar kawu mai haske, za ta ga wa ake fara ɗauka, wa ake cewa "zo nan Balarabiya," wa ake wa kirarin farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida. Ita kuwa abin da za ta samu bai wuce "ai baƙar ma tana da kyanta" ba, wato lallashi. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta san komai game da tallan kamfanoni ba, amma ta riga ta gane wace fata ce ake murna da ita a tsakar gidansu.

Masu dora wa Turawan mulkin mallaka laifin gaba ɗaya suna sauƙaƙa wa kansu magana. Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma babu shakka mulkinta ya ƙara ɗaure farar fata da iko. Amma a ƙasar Hausa an san haske da daraja suna tafiya tare tun kafin haka. Fataken Larabawa daga Gadamas da Tarabulus sun daɗe suna zaune a cikin birnin Kano da dukiyarsu. Bayan jihadin 1804 sarauta ta koma gidajen Fulani a yawancin masarautu, kuma kamannin da ake jinginawa ga Bafillatana, haske da dogon hanci da gashi mai laushi, suka zama kamannin gidan mulki. Ga kuma tsohon tabon bauta. Sannan akwai dalili na kullum da ba ya buƙatar tarihi: matar da ke cikin inuwa, ba ta zuwa gona, ba ta talla, ba ta hura icce, dole ta fi 'yar uwarta haske. Haske sai ya zama shaidar hutu, hutu kuma shaidar mijin kirki. Shi ya sa har gobe in amarya ta zo gida bayan wata biyu ake cewa, "Kin yi haske, kin yi ƙiba, lallai ana kula da ke."

A kan wannan tushe sauran suka zo suka hau. Finafinan Indiya, waɗanda silimomin Kano suka shafe shekaru da dama suna nunawa, sun koya wa samari da 'yan mata yadda jarumar soyayya take kama. Littattafan soyayya na Hausa suka ɗauka: buɗe guda goma, a takwas za ka tarar yarinyar fara ce tas, doguwa, gashi har gadon baya, sau da yawa ma a ce ruwa biyu ce. Baƙar fata an bar wa 'yar aiki, ko muguwar kishiya, ko ƙawar da ke rakiya. Finafinan Kannywood suka gaji wannan ido, masu kallo kuma suna ganin yadda wasu fuskoki ke ƙara washewa daga fim zuwa fim. Yanzu ga waya. Filtar Snapchat da TikTok da Instagram tana haska fata, ta goge ƙuraje, ta siranta hanci a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ya kawo sabon nau'in matsi da iyayenmu ba su sani ba: budurwa tana gasa da hotonta. Saurayin da ya fara ganinta a waya zai zo zance, kuma ta san fuskar da yake tsammani ba ita ce a madubi ba.

Duk wannan zai iya tsayawa a sha'awar ido da ba don aure ba. A nan ne maganar ta zama ta abinci da wurin kwana.

A yawancin gidajen Arewa, aure ne ginshiƙin rayuwar mace: ɗakinta, cinta, suturarta, mutuncinta a dangi. Wadda ta haura shekara 25 a gida ta san irin tambayoyin da ake mata, ta san kuma irin kallon da ake wa uwarta. Zaɓi a hannun namiji da danginsa yake, kuma ba a ɓoye abin da ake nema. Masu dalilin aure sun haddace jerin: mai addini, mai tarbiyya, 'yar mutunci, sai a sassauta murya a ce, "kuma dai fara, ko mai ɗan haske." Karin maganar samari ma ba ta da kunya: in dai fara ce, ko mayya ce a kawo. Ana faɗa da wasa, amma 'yan mata ba da wasa suke ji ba. Uwar miji da ƙannensa mata su ne alƙalan farko ranar da aka kai lefe ko aka je ganin amarya, kuma sharhinsu yana dawowa kunnen yarinyar kafin magariba.

Shiga gidan ma ba ya kashe gasar. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin uku na matan aure a Najeriya suna da kishiya, a Arewa kuma adadin ya fi haka. Saki yana da sauƙi a bakin namiji, kuma in ya faɗa, matar ce ke tattara kaya. Yawan zawarawa ne ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da su da kuɗinta ta hannun Hisbah a 2012, aka fara da ma'aurata 100, a 2023 kuma aka ɗaura na 1,800 a rana ɗaya. Macen da ba ta da sana'ar da za ta riƙe ta, wadda ta haihu huɗu, ta ji ana raɗe-raɗin maigida na neman wata yarinya fara, ba ta da kotun da za ta kai ƙara. Abin da ke hannunta jikinta ne. Idan ta kai wa yayarta kuka, amsar da za ta samu ita ce, "Ke ma ai kin saki jiki, tashi ki gyara kanki." Haka uwa za ta ce, haka ƙawa, haka malamar da ke karɓar kuɗi tana koyar da sirrin zama da miji a zauren WhatsApp. Ba na zargin waɗannan mata da mugunta. Shawarar da suka ga ta yi aiki suke bayarwa, ko wadda suke zaton ta yi.

Gyaran jiki kansa ba sabon abu ba ne, kuma asalinsa ba cuta ba ne. Lalle da kurkum da turaren wuta da kitso da kwalli sun daɗe. Dilka da halawa da zaman hayaƙi sun shigo ta hannun matan Barno da Shuwa, daga Chadi da Sudan, inda amarya ke shafe makonni ana murza ta ana turara ta kafin biki. Waɗannan suna goge dattin fata, su sa ta yi laushi da sheƙi da ƙamshi, haskensu kuma ɗan kaɗan ne mai wucewa. Abin da ya canza shi ne alƙawarin. Mai gyaran jiki ta yau tana da shafi a Instagram, tana sa hoton kafin da na bayan, kuma amaryar da ta biya kuɗi mai yawa tana son dangin ango su ga bambanci ranar dina. Kurkum ba zai mayar da baƙa wankan tarwaɗa cikin kwana goma ba. Wanda zai yi hakan sinadari ne, don haka sai a zuba shi cikin haɗin, a lulluɓe da sunan "na gargajiya" ko "oganik." Da yawa daga cikin masu shafe-shafe ta wannan ƙofar suka shiga, ba tare da sun taɓa cewa za su yi bilicin ba. Ko kalmar ma ba sa yarda da ita. Su dai suna gyara fata ne, suna fito da kalarsu ta asali.

Ya kamata a san abin da ke cikin kwalbar, don a nan ne lissafin ke rushewa.

Launin fata daga wani sinadari yake da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin fata ke sarrafawa. Aikinsa tare zafin hasken rana kada ya lalata fata. Duk man da ke haska mutum da gaske, aikin wannan masana'anta yake tsayarwa, kuma manyan masu yin haka uku ne.

Na farko haidirokwinon. Magani ne na gaske, likitocin fata suna ba da shi a kan tabo, a ɗan wuri, na 'yan watanni. In aka mulke jiki duka da shi shekara da shekaru, ana kuma shiga rana, sai ya juya. Kumatu da goshi da wuya su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi, fatar ta yi kaushi da ƙananan gudaji. Wannan shi ne abin da mata ke cewa fuska ta ƙone, kuma yana cikin tabon da ya fi wuyar magani, wani ba ya gogewa har abada. Warin nan da ake tsokanar masu bilicin da shi in sun yi gumi, shi ma ana danganta shi da wannan sinadari.

Na biyu, wanda a ganina ya fi yin ɓarna saboda arha da sauƙin samu, shi ne sitiroid, irin su kilobetasol da betametason. Waɗannan man tub ne na ƙaiƙayi da borin fata, suna nan a kowane kemis, ana sayar da su ba takardar likita. Suna haska fata da sauri, shi ya sa masu haɗi ke matse tub biyu ko uku cikin kwalbar man shafawa. Suna kuma cinye kaurin fata. Jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata da ƙirji, ƙuraje su feso, makero da ƙyasbi su samu wurin zama saboda garkuwar fatar ta faɗi. Ciwo ƙarami ya ƙi warkewa. Likitocin tiyata suna kokawa da irin wannan fata, musamman wajen haihuwa ta aiki, don ɗinki ba ya kama ta yadda ya kamata. Abin bai tsaya a waje ba. Mai shafa shi daga wuya zuwa ƙafa kullum, jikinta yana tsotsa ya shiga jini, daga nan sai hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska.

Na uku zaiba, wadda ake kira makuri, a cikin wasu sabulai da mayuka. Ita ƙoda take ci, ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa: rawar hannu, mantuwa, rashin barci, saurin fushi. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana kuma maƙalewa a tawul da zanen gado, don haka miji da yaran da ba su taɓa shafawa ba suna samun rabonsu.

Yanzu an ƙara da allura da ƙarin ruwa na wani sinadari mai suna gulutatayon ga masu hali, abin da babu wata ƙwaƙƙwarar shaida cewa yana da aminci in an yi shi don haske. A kuma tuna a ina ake duk wannan. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram zafi yana haura digiri 40 a bazara. Fatar da aka raba da melanin, aka sirantar da ita, aka fito da ita cikin wannan rana, ba ta da abin kare kanta. Likitoci a Senegal sun ba da rahoton kansar fata a jikin matan da suka daɗe suna shafe-shafe.

Ba launi kaɗai ake nema ba, akwai ƙira. A nan ma'aunin ya saɓa da na Turai, inda ake yunwa don a rame. Mu siririya ce ke shan tsiya: sanda, karan rake, ba gaba ba baya. Ana son ƙugu da ƙirji su cika, ciki kuma ya shafe, ko da mace ta haihu biyar. Son ƙiba tsohon abu ne a yankin Sahel, a Muritaniya har ɗura ake wa 'yan mata da nonon raƙumi da gero don su yi jiki kafin aure. Namu ɗurar ta koma ƙwaya, wadda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Galibi deksametason ce, wani sitiroid ɗin, ko kuma maganin mura da ƙaiƙayi mai buɗe ciki ya sa barci. Ƙibar deksametason ba lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da wuya da ciki, hannu da ƙafa kuma su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau. Abin takaicin shi ne tana haska fata kaɗan, ta kumbura kumatu, wato daidai abin da dangi ke gani su ce hutu ya karɓe ta.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne yara. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan mayuka har fatarsu ta lalace. Dalilin da ta bayar shi ne ta ga mahaifiyarta ta fi nuna so ga jikokinta masu haske, 'ya'yan 'yar uwarta. A lura da wanda ke cikin labarin: babu saurayi, babu miji, babu kamfani. Kaka ce da jikoki. Fatar yaro ta fi ta babba siranta, ta fi saurin tsotse abin da aka shafa mata, kuma akwai iyaye mata da yawa da ke zuba man tub cikin man jariri da niyyar maganin ƙurajen zafi, in suka ga yaron ya yi haske sai su ci gaba.

Malamai suna magana, kuma hujjojinsu a fili suke. Aya ta 22 a Suratur Rum ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abin da Shaiɗan ya yi alƙawarin umartar mutane da shi. Ga ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa. Matsalata da yawancin wa'azin ita ce inda ake nuna yatsa. Matar ake wa faɗa, ita ce mai butulci, ita ce mai yaudara. Da wuya ka ji an tsaya an yi wa majalisar samari huɗuba a kan "ko mayya ce," ko an ja kunnen uwar miji da ke auna suruka da ido. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce ana auren mace don dukiyarta da nasabarta da kyanta da addininta, ya kuma ce a rabauta da ma'abuciyar addini. Kowa ya haddace shi, amma a wajen zaɓe na ukun ne ke cin akwati. An ruwaito Ibn Abbas yana cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. Nawa ne cikin mazan da ke ƙorafin matansu sun daina kwalliya suka taɓa jin wannan ya shafe su? Mutum zai shigo da tumbi da warin rana, ya zauna yana lissafa abin da haihuwa ta rage a jikin matarsa.

Maza da yawa za su ce su fa ba sa son mai bilicin, kuma na yarda da gaske suke. Abin da ba sa so shi ne alamar: baƙin yatsu, ƙonannen kumatu, wari. Hasken kuwa suna so. Wato ana son sakamakon, ana ƙyamar hanyar, ana buƙatar mace ta zama fara amma kada a gane ta yi wani abu. Wadda Allah ya halitta da haske ta ci banza. Mai kuɗi ta sayi mai tsada, ta zauna cikin sanyin na'ura, ta ga likita in abu ya fara ɓaci, a ce hutu ne. 'Yar talaka ta sayi haɗin kasuwa, ta hau adaidaita cikin rana, ta ƙone, ita ce abin dariya a gidan suna. Mutanen da suka yi mata dariya tana baƙa su ne dai ke yi mata yanzu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma a wannan shari'a ɓeran kaɗai ake gurfanarwa.

Gwamnatoci sun gwada doka. Afirka ta Kudu ta hana haidirokwinon a kayan kwalliya tun 1990, Tarayyar Turai ta bi a 2001, Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana ta ɗauki mataki a 2016, Ruwanda kuma ta fara bi shago-shago tana kwashewa a ƙarshen 2018. A Najeriya ƙa'idar NAFDAC ba ta yarda haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. A matakin duniya akwai yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba, wadda a taronta na 2023 aka amince a daina yin kayan kwalliya masu zaiba kwata-kwata daga ƙarshen 2025. Manyan kamfanoni ma sun ɗan ji kunya: a 2020 Unilever ya canza sunan Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely, wanda sauya riga ne kawai.

Dokokin suna da amfani, sun rage guba a kayan da ke da rajista. Amma sun fi kama abin da ke da suna da lamba, alhali kasuwar ta koma inda babu ko ɗaya. A Sabon Gari a Kano, da kasuwanni irinta, mai shago zai tambayi mace irin hasken da take so, ya buɗe wannan ya matse wancan, ya juya a roba, ya ba ta ba takarda ba awo. Wata tana haɗawa a ɗakinta ta sayar ta waya, a aika da shi a mota har Yamai ko Agadas. Man tub kuma ba za a iya haramta shi ba, don magani ne da masu ciwon fata ke buƙata, sai dai a hana sayar da shi barkatai, wanda ke nufin sa ido a kan dubban kemis. Muddin ana neman kayan, kamawa tsada kawai take ƙara musu, tsada kuma tana tura mai ƙaramin ƙarfi ga haɗin da ya fi arha ya fi guba.

Akwai kuma abin da masu cewa "su daina kawai" ba su sani ba: dainawar ba sauƙi. Fatar da ta saba da sitiroid, in aka yanke mata shi rana ɗaya, bori take yi. Ta yi ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje su rufe fuska. Mai shan deksametason da ta daɗe a kai, tsayawa farat ɗaya na iya kwantar da ita, har ya kai ga rai, domin jikinta ya rage sarrafa nasa sinadarin. Dole a riƙa ragewa sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita, a haɗa da man kariya daga rana, wanda shi ma ba arha ba. Likitocin fata kuwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, nesa da macen da ke ƙaramar hukuma.

Ko ta samu likitan, akwai watannin da dole ta ratsa. Melanin yana dawowa da ƙarfi, ba kuma daidai ba, don haka na wani lokaci za ta fi yadda take da farko duhu, fuska dabbare-dabbare. A cikin waɗannan watanni za a yi biki, za a yi suna, za a je gaisuwar mutuwa, kuma ba za ta iya ɓuya duka ba. Za ta shiga tsakar gida, gwaggonta ta riƙe haɓa ta ce, "Ke kuwa lafiya? Kin yi baƙi kin lalace. Ko shi mijin naki ne ba ya ba ki abinci?" Mata da yawa da suka yi niyyar dainawa da gaske, a wannan gaɓar suke komawa wajen mai haɗi.